Yadda Kyaftin Ya Koya wa Maguna Hawa Jirgi

Shekara tara ina yi wa Kyaftin aski, kuma ban taɓa kammala masa ba sai ya tashi da ni sama ya sauko da ni aƙalla sau biyu. Da zarar na ɗaura masa ƙyalle a wuya zai fara: gajimare iri nawa ne, me matuƙi yake yi idan injin hagu ya mutu, me ya sa jiragen yanzu ba su kai na da ƙwari ba. Idan jirgi ya wuce ta saman layinmu sai ya ɗaga yatsa in dakata, ya kasa kunne, sannan ya girgiza kai ya ce wannan yaron bai iya sauka ba.

Gaskiya ne ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a babban filin jirgin sama. Abin da ba ya faɗi shi ne irin aikin. Shi ke tattara kekunan ɗaukar kaya da fasinjoji suke watsarwa a wurin ajiye motoci, ya jera su ya turo su ciki. Duk mun san haka. Amma mutum ne mai zumunci, in ka kwanta ciwo shi zai fara zuwa gaishe ka, don haka muka bar masa sunan da ya raɗa wa kansa. Shagona yana ƙasan benen da yake haya, shagon Tela yana gefena, shi kuma da matarsa suna hawa na uku.

Yana da yaya mace, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, duk layin Yaya muke ce mata. Bayan rasuwar mijinta, 'yarta ta matsa mata ta koma can wajenta da zama, tafiyar awa goma sha ɗaya a mota. Likita ya ce bayan Yaya ba zai ɗauki wannan zaman ba. Sai 'yar ta samo mata wuri a wani ƙaramin jirgi mai kujera huɗu na kamfanin da take wa aiki, wanda zai koma can ranar Asabar babu fasinja. An ce ta zo da mutum ɗaya ya raka ta. Yaya ta ce ta yarda, amma ƙafarta ƙafar magunanta.

Uku ne. Akwai Toka, matsoraciya, ko cokali ya faɗi sai ta shige ƙarƙashin gado. Akwai Barkono, ja, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Sai Alƙali, wani baƙin muzuru tsoho mai yagaggen kunne. Shi na marigayin ne. Mijin nata ne ya tsince shi yana ɗan mitsitsi, kuma a ƙafafunsa ya kwanta duk watannin jinyarsa. Yaya takan ce ko gidan zai ƙone da duk abin da ke ciki, in dai Alƙali ya fita, ba ta yi asara ba.

Matar Kyaftin ce ta raka ta wajen likitan dabbobi. Ya duba su, ya ba su akwatunan roba uku masu ƙofar waya, kowace mage da nata. Ya ce a ajiye su a buɗe a ɗaki tun yanzu, a shimfiɗa tsohon zanen Yaya a ciki don su saba. Ranar tafiya kada a cika musu ciki, kada a ba su maganin barci, a rufa wa kowane akwati ƙyalle, a ɗaure shi da bel ɗin kujera, kuma kada wanda ya buɗe sai an isa an shiga ɗaki an rufe ƙofa. Ya rubuta duk wannan a takarda ɗaya.

A shagona Kyaftin ya karanta takardar, da ƙarfi, yana dariya a ƙarshen kowane layi. Ya ce likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kyanwar ƙasa ya sani, kyanwar sama ilimi ne daban.

Tela ya leƙo da allura a baki ya ce, "Kai ka san ta saman?"

"Na san saman. Kyanwar ce kawai za a ƙara."

Daga nan ya rage murya ya gaya mana ainihin abin da yake hange. Manyan mutane kullum suna yawo da karnuka da tsuntsaye a irin waɗannan jiragen, kuma babu ƙwararre ko ɗaya a kan harkar. Idan kamfanin ya ga yadda ya sauke maguna uku lafiya, suna tafiya a layi kamar sojoji, to ofis za a ba shi. A nan take ya sa Tela ya auna shi, farar riga mai anini huɗu a kowace kafaɗa. Ranar Litinin ya je ya kwaso magunan, ya ce wa Yaya suna buƙatar horon kwana biyar. Ita tana fama da haɗa kaya, ba ta ja ba. Ta dai riƙe masa hannun riga a bakin ƙofa ta ce, "Ƙanena, Alƙali amana ne."

Darasin farko na ƙara ne. Ya rufe su a falo, ya kunna fanka biyu, ya kunna injin markaɗen matarsa babu komai a ciki, shi kuma ya kifa bokiti a kansa yana gurnani don ya kwaikwayi injin jirgi. Mu a ƙasa mun ɗauka rijiya ake haƙawa a hawa na uku. Toka ta kama labule ta haye har ƙarfensa, labule da ƙarfe da Toka suka zubo a kan talabijin. Barkono ya nemi takalman Kyaftin na fita ya yi fitsari a ciki, bai bar ƙafa ɗaya ba. Alƙali ya hau saman kabad ya zauna yana kallonsa ko ƙiftawa babu. Injin markaɗe ya yi hayaƙi ya mutu. Da yamma Kyaftin ya sauko da silifa ya ce mana sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa, domin biyu cikin uku sun nuna sha'awar hawa sama da kansu.

Washegari ya yanka safa ya ɗinka musu abin toshe kunne da roba. Ba mu ga yadda darasin ya gudana ba, sai dai kafin tsakar rana ya shigo shagona yana neman filasta. Hannayensa biyu da karan hancinsa duk zane. Ya ce wa masu jiran aski tsautsayi ne irin na masu aikin jirgi. Tela ya tambaye shi ko jirgin yana da farce.

Ranar Laraba ce ta shafi kowa. Ya ce darasin tsayi ne. Ya sa Barkono a kwandon wanki, ya ɗaure murfin da zare, ya tsaya a baranda yana zura kwandon ƙasa da igiya yana jawo shi sama, yana kiran tsayin da aka kai da ƙarfi. A zagaye na uku, daidai hawa na biyu, murfin ya ɓalle. Barkono ya yi tsalle ya kama igiyar shanyar matar da ke hawan, igiya ta tsinke, wankinta na mako guda ya sauko kan titi. Shi kuwa ya dira a rumfar Tela, ya faɗa cikin shagon, ya bi ta kan tebur ya ture dutsen guga mai zafi. Inda dutsen ya kife kuwa, a bayan sabuwar rigar Kyaftin ne. Kwandon ya faɗo a ƙofata da ƙara, hannuna ya goce, rabin gashin bakin wani dattijo ya tafi.

Layin ya cika. Matar hawa na biyu tana tsintar kayanta tana faɗa, dattijon yana riƙe da madubi yana kallon abin da ya rage masa, Tela yana ɗaga rigar yana nuna wa jama'a hoton dutsen guga, cikakke har da ramukansa. Kyaftin ya sauko a natse ya ce a kowane gwaji akan samu 'yar tangarɗa. Matar ta ce tangarɗar tana cikin kansa. Ya nemi Tela ya sake ɗinka wata rigar, Tela ya ce ko maɓalli ba zai ƙara sa masa ba. Kyaftin ya karɓi rigar haka, ya ce ai babban jami'i ba ya juya wa mutane baya.

Ana duk wannan, matarsa tana nata shirin. Ta dai jera akwatunan likita a kicin a buɗe, da zanen Yaya a ciki. Duk lokacin da aka tashi darasi, magunan can suke rugawa su dunƙule. Da Kyaftin ya lura sai ya ce alamar horo yana shiga jikinsu ke nan.

Alhamis da Juma'a ya kashe su wajen kafinta. Ya ciro tsohon kabad ɗin kicin, ya mayar da shi abin da ya kira ɗakin manyan fasinjoji: hawa uku, tagar waya, ɗan labule, da tayoyin keken kaya. Mu shida muka sauko da shi daga benen ranar Asabar da safe, kuma har yau in na tsuguna bayana yana tuna mini. Kafin ya zuba su ciki ya buɗe musu kifin gwangwani huɗu. Matarsa ta tuna masa takardar likita, ya ce cikakken ciki shi ne maganin barcin da ya fi kowanne.

A motar ɗaukar kaya ta ƙanen Tela muka tafi: ni, Tela, Kyaftin da matarsa, Yaya a gaba da filo a bayanta, sai matar hawa na biyu, wadda ta ce ba za ta yarda a ba ta labari ba.

Filin ƙarami ne, can bayan gari. Titin jirgi ɗaya, garejin jirage ɗaya, 'yar hasumiya, da wani ɗakin shan shayi mai tagar gilashi, inda aka maƙala rediyo a bango ana jin maganar matuƙa da mutumin hasumiya. Jirgin da za su hau bai fi motar da muka zo a ciki girma ba. Wata mace da ba ta wuce shekara arba'in ba, sanye da wando, da takarda a hannu, tana zagaya shi tana taɓa fukafukansa. Kyaftin ya gyara kafaɗa ya nufe ta.

"Baiwar Allah, a daina taɓa nan, wurin yana da haɗari. Je ki kira mini matuƙin."

Ta gama abin da take dubawa, ta rubuta, sannan ta ce, "Ga ni."

Ya ce da ma ya sani, gwada ta yake yi. Ta gaida Yaya da ladabi, ta tambayi bayanta, sannan ta dubi kabad ɗin, ta dubi ƙofar jirgin. Ta ce ko da zai shiga, wanda ba zai shiga ba, ya fi Yaya nauyi. Kowace mage a akwatinta, a rufe, a ɗaure, in ba haka ba babu magen da za ta hau jirginta. Matar Kyaftin ta ce a hankali akwatunan suna cikin mota. Matuƙiyar ta gyaɗa kai, ta ce za ta je ofis ta karɓo bayanin yanayi, kada kowa ya buɗe komai.

Na ga fuskar Kyaftin. Ofishin da yake mafarki yana zamewa daga hannunsa, ga mu kuma muna kallo. Ya zaro usur daga aljihu, ya ce tunda ba a san darajar horo ba, za a gani da ido. Zai buɗe kabad, ya busa sau ɗaya, magunan su fito a jere su shiga jirgi da ƙafarsu.

"Baban yara," in ji matarsa, "bari a tura kabad ɗin ɗaki a rufe ƙofa tukuna."

"Ƙofa ai ta waɗanda ba su yi horo ba ce."

Ya buɗe, ya busa. Magunan uku suka zura masa ido ba su motsa ba. Ya cika kumatu zai sake busawa ke nan, wani jirgi da ke bakin gareji ya tayar da injinsa.

Toka ta yi cikin jirgin da gudu. Kyaftin ya ɗaga yatsa ya ce ɗaya ke nan. Ta tsaya a kan kujerar matuƙiya ta amayar da rabonta na kifi a kan kujerar da taswirar da ke kai, sannan ta kutsa can ƙasa bayan abin takawa, inda hannu ba ya kaiwa. Barkono ya tsallaka titin jirgi ya haye dogon ƙarfen da aka rataya wa ƙyallen nuna iska, har ƙololuwa. Alƙali kuwa, wanda a shekara goma ba wanda ya taɓa ganin ya yi sauri, ya wuce kamar harsashi ya ɓace cikin garejin jirage.

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan akwatin kayanta, da ƙyar saboda bayan, ta ɗora hannaye a cinya ta ce ita fa ba ta zuwa ko'ina. In ba a ga Alƙali ba, a mayar da ita gidan da ta kwashe, ta kwana a siminti. Dariyar da ta fara kama mu ta koma ciki.

Kyaftin ya zaɓi Barkono tunda shi ake gani. Ya ruga ta tsakiyar titin jirgi, bai duba sama ba. Wani jirgi da ya riga ya sauko da tayoyi ya yi ƙara ya sake tashi. Lasifikar hasumiya ta cika filin: mutumin da ke da hoton dutsen guga a baya ya fita daga titin jirgi yanzu. Aka maimaita sau uku. Masu shan shayi suka fito da kofunansu.

Ya kai ƙarfen ya fara hawa, kuma in faɗi gaskiya ya ba ni mamaki, don ya kusa kaiwa. Barkono ya jira shi har ya miƙa hannu, sannan ya dira a kansa, ya bi ta bayansa ya sauko ƙasa. Matar Kyaftin tana zaune a ciyawa da akwati a buɗe, ba ta kira ba, ba ta motsa ba. Barkono ya shinshina zanen Yaya ya shige, ta rufe ƙofa. A sama kuma Kyaftin ya dubi ƙasa a karon farko. Ya rungume ƙarfen da hannaye da ƙafafu ya rufe ido, ƙyallen iska yana marin fuskarsa. Sai da motar kashe gobara ta zo da tsani. Ɗan kwana-kwanan da ya hau ya ce da ya isa, Kyaftin ya gaya masa yana duba ƙarfin iska ne. Shi kuma ya tambaye shi ko ya gama dubawa.

Kafin a sauko da shi matuƙiya ta dawo ta ga kujerarta. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ni a wajena ya fi faɗa ban tsoro. Ta kira bakaniken gareji, wani ƙaton mutum marar magana, ya zo da kayan aikinsa ya kwanta a ƙasan jirgin yana kwance wani faifai don a kai ga Toka. Da aka sauko da Kyaftin, ya ga kowa ya tattaru a can. Ya ɗauki akwati na uku da ƙyalle, ya shige garejin shi kaɗai.

Minti ashirin muna jin faɗuwar gwangwanaye da ƙarar ƙarafa. Sai ga shi ya fito, baƙin mai har goshi, anini biyu sun tafi, akwatin a rufe da ƙyalle yana ɗauke da shi kamar kofin gasa. Yaya ta miƙe ba tare da an taimaka mata ba. Ta kai hannu za ta ɗaga ƙyallen, ya tare ta.

"Yaya, takardar likita ta ce kada a buɗe sai an isa."

Wannan ne karo na farko da ya bi takardar. Matuƙiya ma ta goyi bayansa, ta ce an riga an makara awa biyu, kada a sake tayar da wata fitina. Yaya ta sunkuya ta yi wa akwatin magana, aka amsa daga ciki da wani siririn kuka. Ta ce muryarsa ta sauya. Kyaftin ya ce tsoro ne. Ta share hawaye ta ce Allah ya yi masa albarka.

An ciro Toka, an wanke kujera, an ɗaure akwatunan uku a baya kusa da Yaya. Matuƙiya ta ce ba za ta ɗauki Kyaftin ba. Yaya ta roƙe ta, ta ce ƙanenta ne, kuma ko me ya yi shi ya nemo mata Alƙali. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin kada ya taɓa komai. Ya ɗaga mana hannu, ya shiga da baya-baya don kada mu ga dutsen guga, aka sa masa abin ji a kunne, aka rufe ƙofa. Mu muka koma ɗakin shayi muna kallo ta gilashi.

Farfelar gaban jirgin ta fara juyawa. Jirgin ya ɗan girgiza ya soma tafiya a hankali. Sai rediyon bango ya yi ƙara, muka ji muryar da na saba ji ƙarƙashin almakashina, amma siririya.

"Ki tsaya. Don girman Allah ki tsaya, abin nan rawa yake yi."

"Malam, saki sitiyarin nan, kana danna maɓallin rediyo."

"Ba zan iya ba. Ban taɓa hawa ba. Ko sau ɗaya ban taɓa ba. Keke nake turawa, baiwar Allah, keken kaya."

Mutumin hasumiya ya shigo ya ce ya ji, kuma yana tsammanin duk jiragen da ke sama sun ji. Wani matuƙi daga can cikin gajimare ya ce a yi wa mai keke sannu. Tela ya shaƙe da shayi har sai da aka bubbuga masa baya. Matar hawa na biyu ta ce yanzu ta yafe wankinta. Ni ma na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba, amma ba ta yi mini daɗi sosai ba. Mun daɗe da sanin maganar, jin ta daga bakinsa ne ban taɓa so ba.

Farfela ta tsaya. Aka sauko da Kyaftin. Matarsa ta ɗauki jakarta, ta taka zuwa jirgin, ta tsaya ta kakkaɓe masa kafaɗa. Ta ce abinci yana firji, ya riƙa ɗumamawa. Ta hau ta zauna a kujerarsa, ta ɗaura bel kamar ta saba. Jirgin ya gudu a kan titi, ya ɗaga, ya ƙanƙance har ya ɓace.

Ba mu samu tafiya ba, domin shugaban filin ya ce sai Kyaftin ya rubuta bayanin abin da ya kai shi tsakiyar titin jirgi. Awa biyu ya yi yana rubutawa a teburin shayi, kuma a cikin awa biyun ya farfaɗo. A shafi na ɗaya ya gaya mana da gangan ya bar wa matarsa kujerar, tunda ba ta taɓa ganin duniya daga sama ba. A shafi na biyu ya ce maganar rediyo gwaji ce, yana so ya ga ko hasumiya tana saurare. A na uku ya ajiye biro ya ce a faɗi duk abin da za a faɗa, wa ya shiga garejin nan shi kaɗai ya kamo Alƙali? Muka ce shi ne. Wannan kam ba mu da ja.

Sai bakaniken ya shigo, yana cika ƙofa. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga kyanwarsa. Baƙa ce, shekara huɗu ba ta taɓa fita daga garejin ba, kuma cikinta ya tsufa, yau ko gobe ake jira. Tun ɗazu yake nema bai gan ta ba. Abin da ya gani a cikin wata tsohuwar taya shi ne wannan. Ya zaro wani baƙin muzuru daga hammatarsa ya ajiye a kan teburin, a kan takardar bayanin. Tsoho, mai yagaggen kunne. Alƙali ya naɗe wutsiya a ƙafafunsa ya zauna yana kallon Kyaftin.

Sai wayar Kyaftin ta yi ƙara. Ya danna inda kowa zai ji. Yaya ce, da muryar nan ta aji da take kiran sunan ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ta ce sun sauka lafiya. Sun shiga ɗaki, sun rufe ƙofa, sun buɗe akwatunan kamar yadda likita ya rubuta.

"Ƙanena, Alƙali ya haihu."

Kyaftin ya dubi muzurun da ke kan tebur, Yaya ta ci gaba.

"Huɗu. Uwa da 'ya'ya suna lafiya. Gobe ina jiranka da nawa, a mota, a cikin akwati, a kan cinyarka."

Ta kashe. Bakaniken ya dafa kafaɗar Kyaftin da hannu ɗaya, kujerar ta yi ƙara. Ya ce idan ya je ya zauna can har 'ya'yan su yi ƙwarin tafiya, mako shida ko bakwai, sannan ya dawo masa da biyar ɗinsa cif, kuma zai ƙirga.

Tela ya goge idanunsa ya ce, "Kai, Kyaftin, ka kafa tarihi. Ka ɗora uku, an sauke bakwai."

Kyaftin ya zura wa tebur ido. Sai na ga kafaɗunsa sun fara tasowa. Ya zare takardar bayanin daga ƙarƙashin Alƙali a hankali, ya juya bayanta, ya ɗauki biro ya ce wa Tela ya maimaita masa yadda ya faɗa, kalma bayan kalma.